Littattafan da ba sa cikin Littafi Mai Tsarki sun shiga tsakanina da mahaifina

Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, haifaffen Aboabo a nan Kumasi, ina aikin wayarin mota a Suame Magazine. Gidanmu Kiristoci ne, mahaifina dattijo ne a ikilisiyarmu, ni kuma ina koyar da yara a makarantar Lahadi. A bara wani abokina Musulmi da muka tashi tare ya turo mini Linjilar Barnaba ta WhatsApp, ya ce ita ce ta asali, sarki Kwanstantin ne ya ɓoye ta a taron Nikiya. Na shiga bincike don in ba shi amsa, sai na ci karo da abubuwan da ban taɓa jin sunansu ba: Bisharar Toma, Didake (wani tsohon littafin koyarwar Kiristocin farko), wasiƙun Ignatiyus, bishof na Antakiya, da sauransu. Yanzu in na buɗe Littafi Mai Tsarki sai zuciyata ta riƙa tambaya, wa ya zaɓi waɗannan ya bar waɗancan? Addu'a ma ta yi mini nauyi. Ana cikin haka aka gayyato wani baƙon annabi taron farkawa, ya ce mai sidi 500 ya fito gaba a yi masa addu'a ta musamman. A taron matasa na miƙe na karanta inda Didake ya ce annabin da ya roƙi kuɗi na ƙarya ne, na ce shugabanninmu sun kauce hanya. Fasto ya dakatar da ni daga koyarwa. Mahaifina ya ce na kunyata shi, ya umarce ni in share littattafan daga wayata. Wata biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ina tunanin barin ikilisiyar gaba ɗaya. Me zan yi?

Ɗanka daga Aboabo

Ɗana, Allah ya ba ka lafiya da kwanciyar rai. Na karanta wasiƙarka da tausayi, kuma ina so ka sani tun daga farko cewa karatun da ka yi ba zunubi ba ne. Abin da ya girgiza ka shi ne an rene ka kamar babu komai tsakanin shafin ƙarshe na Wahayin Yahaya da ranar da aka kafa ikilisiyarku. Yawancinmu haka aka rene mu. To ranar da mutum ya gano akwai ƙarnuka cike da mutane da rubuce-rubuce a tsakanin, dole ya ji kamar an ɓoye masa wani abu. Ba wanda ya ɓoye. Littattafan nan an buga su, ana koyar da su a makarantun tauhidi irin su Trinity da ke Legon, kuma ga shi kai ma ka same su kyauta a waya. Rashin koyarwa ne ya jawo, kuma wannan laifin namu ne, manyanku.

Littafi Mai Tsarki da kansa bai taɓa cewa shi kaɗai aka rubuta ba. Luka ya buɗe bishararsa da cewa mutane da yawa sun riga shi ƙoƙarin tsara labarin. Bulus ya gaya wa Kolosiyawa su karanta wata wasiƙa ta Lawudikiya, wadda ba ta cikin Sabon Alkawari. Yahuza ya ɗauko magana daga littafin Anuhu, littafin da har yau ikilisiyar Habasha ke lissafa shi cikin nata littattafai 81. Saboda haka samuwar wasu rubuce-rubuce ba sabon labari ba ne. Abin tambaya shi ne wane ne ya rubuta kowanne, a wane zamani, kuma me mutanen da suka fi kusa da manzanni suka ce a kansa. Kai ka zuba su duka a kwando ɗaya, shi ya sa kanka ya ɗaure.

Mu fara sallamar Linjilar Barnaba, don ita ce mafi sauƙi. Tsofaffin kwafenta biyu ne: ɗaya da Italiyanci, na ƙarshen ƙarni na 16, yana ajiye a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ɗayan da Sifaniyanci. Babu ita da Helenanci, ko Suriyanci, ko harshen Kibɗawan Masar, harsunan da Kiristocin farko suka yi rubutu da su. Marubucinta ya sa Yesu ya shiga jirgin ruwa ya sauka a Nazarat, alhali Nazarat gari ne na kan tudu, nesa da tafki. Ya ce shekarar 'yanci tana zagayowa bayan shekara 100, alhali Littafin Firistoci sura 25 ya ce 50, kuma Fafaroma Bonifas na 8 ne ya kafa ta shekara ɗari-ɗari a 1300. Abin da ya kamata abokinka ya fi lura da shi kuwa, littafin ya sa Yesu yana musun cewa shi ne Almasihu, ga shi Alkur'ani a Ali Imrana aya ta 45 ya kira shi Almasihu Isa ɗan Maryam. Wato littafin ya saɓa wa abin da kai ka gaskata, ya kuma saɓa wa abin da shi ya gaskata. Kada ka ruɗa ta da Wasiƙar Barnaba, wadda tsohuwa ce ta gaske, ta farkon ƙarni na 2 ko kafin nan kaɗan, kuma tana koyar da mutuwar Yesu a kan gicciye ƙarara.

Batun Nikiya ma haka. An yi taron a 325, a garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya. Abin da ya tara su shi ne koyarwar Ariyus, wani limamin ikilisiya na Iskandariya da ke cewa akwai lokacin da Ɗan bai kasance ba. Sun rubuta shahadar bangaskiya, sun yi magana kan ranar Ista, sun kafa dokoki 20 na tsarin ikilisiya, dukansu suna nan ana karantawa, kuma babu ko ɗaya da ta taɓa zancen jerin littattafai. Wajen shekara ta 180, tun ba a haifi Kwanstantin ba, wani bishof mai suna Ireniyus ya rubuta cewa bisharu huɗu ne: Matiyu, Markus, Luka da Yahaya. Shi Ireniyus ɗin nan yana yaro ya saurari Polikaf na Simirna, Polikaf kuma ya zauna da waɗanda suka ga Ubangiji. A 303 sarki Diyokiliti ya ba da umarni a tattara littattafan Kirista a ƙone, aka sami masu bi da suka gwammace a kashe su da su miƙa. Mutum ba ya ba da ransa saboda littafin da bai san matsayinsa ba.

Duk da haka ba zan ce maka komai ya tafi sumul ba. Bisharu huɗu, Ayyukan Manzanni da wasiƙun Bulus sun zauna da wuri. Amma Yakubu, Yahuza, Bitrus ta biyu, Yahaya ta biyu da ta uku, an daɗe ana muhawara a kansu, kuma Yusibiyus mai tarihin ikilisiya ya rubuta hakan a fili a ƙarni na 4. Ikilisiyoyin yamma sun yi jinkiri kan Ibraniyawa, na gabas kuma kan Wahayi. Jerin littattafan Sabon Alkawari 27 daidai yadda muke da su ya fara bayyana ne a wasiƙar Ista ta Atanasiyus, bishof na Iskandariya, a 367. Ni wannan jinkirin ƙarfafa ni yake yi. Yana nuna mutane ne masu tsoron Allah da ke tambaya, wannan daga manzo yake ko daga na kusa da manzo? Ya yi daidai da abin da aka danƙa mana tun farko? Ikilisiyoyi a ko'ina suna karanta shi? Akwai wani bishof na Antakiya, Sarafiyon, wajen shekara ta 200, da ya fara barin wata ikilisiya ta karanta Bisharar Bitrus ba tare da ya duba ta ba. Da ya samu ya karanta da kansa, ya ga yawancinta daidai ne amma an cusa koyarwar masu cewa Yesu bai sha wahala ta gaske ba, sai ya rubuta musu ya janye izinin. Haka aikin ya tafi, a hankali, gari-gari, ba da hatimin wani sarki ba.

Bisharar Toma da ta tsorata ka, a tulu aka same ta a 1945 kusa da Naga Hammadi a kudancin Masar, cikin kundaye 13 na harshen Kibɗawa. Maganganu 114 ne a jere, babu labarin gicciye, babu na tashi daga matattu. Waɗansu sun yi kama da na Matiyu da Luka, waɗansu kuwa daga wata duniyar tunani suka fito, inda ceto yake ga mai sanin asiri. Ka karanta ta har ƙarshe. A magana ta 114 Bitrus ya ce Maryamu ta fita daga cikinsu don mata ba su cancanci rai ba, aka sa Yesu ya amsa cewa zai mai da ita namiji don ta shiga mulkin sama. Sai ka koma Yahaya sura 4 ka zauna da matar nan ta bakin rijiya. Kunnenka da ya saba da muryar Ubangiji tun kana yaro zai gaya maka bambancin.

Yanzu ga waɗanda nake so ka riƙe hannu biyu: Didake, wasiƙar Kilemas ta Roma, wasiƙun Ignatiyus bakwai, Polikaf, Jastin, da wasiƙar da aka rubuta wa Diyognitus. Matsayinsu kamar na tsohon unguwa ne da ya yi zamani da kakanka. In ya ba ka labarin yadda kakan ke magana da yadda yake tafiyar da gida, za ka gyara zama ka saurara, don ya ga abin da ba ka gani ba. Amma maganarsa ba ta zama wasiyyar kakan ba, kuma wani lokaci yakan haɗa da abin da ya ji a kasuwa. Su ma sun san haka game da kansu. Ignatiyus, ana tafe da shi Roma ɗaure a hannun sojoji goma a zamanin sarki Tirajan, ya rubuta wa masu bi na Roma cewa shi ba ya ba su umarni kamar Bitrus da Bulus, don su manzanni ne, shi kuwa ɗaurarre ne. Polikaf ya gaya wa Filibiyawa cewa shi ko wani irinsa ba zai kamo hikimar Bulus ba. Kuma suna kuskure. Kilemas ya kafa hujjar tashin matattu da labarin wani tsuntsu na ƙasar Larabawa da wai yake shekara 500 ya mutu wani ya fito daga gawarsa. Marubucin Wasiƙar Barnaba ya ce kura tana sauya jinsi kowace shekara, bana namiji baɗi mace. Duk yaron da ya tashi a arewa ya san ba haka ba ne. Daga baya Tartuliyan, wani marubucin ikilisiya na arewacin Afirka, ya faɗi maganganu masu zafi a kan mata da ba za ka so a karanta wa mahaifiyarka ba. Atanasiyus, a wasiƙar nan ta 367, ya sa Didake da littafin Makiyayi na Harmas a wani rukuni dabam: ba Nassi ba ne, amma iyaye sun ce a karanta wa sababbin masu bi. Matsayin da nake so ka ba su ke nan.

In ka karanta su a wannan matsayi, shakkarka za ta sami abin da take nema. Ignatiyus, shekara 200 kafin Nikiya, yana kiran Yesu Allahnmu a wasiƙunsa. Filini, gwamnan Romawa wanda ba Kirista ba, ya rubuta wa Tirajan wajen 112 cewa mutanen nan sukan taru kafin gari ya waye su rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah. Jastin, wajen 155, ya kwatanta sujadar Lahadi: a karanta rubutun manzanni da na annabawa gwargwadon lokaci, shugaba ya yi gargaɗi, a miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, jama'a su ce Amin, masu hidima su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, a tara baiko don marayu, gwauraye, marasa lafiya, 'yan kurkuku da baƙi. Ka duba ka ga ko wannan ya yi nisa da abin da kuke yi ran Lahadi. Ka lura kuma da inda kuɗin baikon ke tafiya.

Wannan ya kawo mu kan baƙon annabi. A kan ainihin maganar, kana da gaskiya, kuma ba zan rufe ta da zaƙin baki ba. Sayar da addu'a mugun abu ne. Ba ka ma bukatar Didake kafin ka san haka: Ubangiji ya ce kyauta kuka samu, ku bayar kyauta, Bitrus kuma ya gaya wa Saminu mai sihiri kuɗinsa su hallaka tare da shi. Raina yana ɓaci in na tuna da matar da ke soya ƙosai tun asuba, ta zauna a kujerar baya tana jin cewa addu'arta ba ta kai ta mai sidi 500 ba. Didake, wanda Filotiyos Biriyeniyos ya gano a wani ɗakin littattafai na Istambul a 1873 cikin kundin da aka kwafa a 1056, ya nuna cewa tun ƙarshen ƙarni na farko ikilisiya ke fama da irin waɗannan. Ya ce manzo mai yawo ya kwana ɗaya, in da bukata biyu, in ya kai uku na ƙarya ne. Ya ce in zai tafi a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba, in ya nemi kuɗi na ƙarya ne. Ya ce baƙon da ke son zama, in yana da sana'a ya yi aiki ya ci, wanda ya ƙi kuwa mai fatauci da sunan Almasihu ne.

Amma ɗana, sura 11 ka karanta musu ka rufe littafin. Littafin yana da surori 16, kuma sauran surorin da kai suke magana. Sura 4 ta ce ka riƙa tunawa dare da rana da wanda ke gaya maka maganar Allah, ka girmama shi. Ta ce kada ka jawo tsattsaguwa, ka sulhunta masu faɗa. Sura 13 ta ce annabi na gaskiya da malami na gaskiya sun cancanci abincinsu. Sura 15 ta ce ku tsauta wa juna cikin salama, ba cikin fushi ba. Sura 14 kuma ta ce duk mai saɓani da ɗan'uwansa kada ya shiga taron karya gurasa sai sun shirya. Wasiƙar Kilemas da ke cikin wayarka, ka san dalilin rubuta ta? Wajen shekara ta 96 waɗansu a Koranti suka tayar wa dattawansu suka tsige su, ikilisiyar Roma ta rubuta doguwar wasiƙa tana roƙon su tuba, tana cewa ƙanana sun tashi wa manya. Tsofaffin da ka ɗauko don su tsaya maka shaida sun ba ka gaskiya a kan kuɗi, sun kuma ba ka rashin gaskiya a kan hanyar da ka bi. Ubangiji ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka fara samunsa ku biyu. Kai a gidan dattijo kake kwana. Kana da ƙofar da sauran matasa ba su da ita, ka tsallake ta ka tafi bainar jama'a, kuma ka yi wa dukan shugabanni kuɗin goro, har da mahaifinka, wanda wataƙila shi ma abin yana cin ransa.

Na san akwai labarin da zai iya sa ka ga kamar kai ne jarumi a nan, don haka bari in riga ka kawo shi. Farfetuwa, 'yar shekara 22 da jariri a nono, an tsare ta a Kartaj a 203, kusa da Tunis ta yau. Mahaifinta ya yi ta zuwa kurkuku yana roƙonta ta bar bangaskiya. Ta nuna masa wani tulu ta ce, za a iya kiransa da wani suna ban da abin da yake? Haka ni ma ba zan iya kiran kaina komai ba sai Kirista. Ta ƙi bin mahaifinta har aka kashe ta tare da Filisita, baiwar da ta haihu a kurkuku. Amma abin da aka nema daga gare ta musun Almasihu ne. Kai an ce ka share fayil daga waya. Kuma ka karanta yadda ta rubuta da hannunta: da alƙali ya sa aka doki tsohon da sanda, ta ce ta ji zafin kamar ita aka doka, ta yi baƙin ciki saboda tsufansa. A wasiƙarka na ga fushinka, na ga ruɗewarka, amma ban ga inda ka ji zafin kunyar da mahaifinka ya sha a gaban abokansa dattawa ba.

Ka je wurinsa. Kada ka tafi da waya a hannu, kada ka tafi da hujja. Ka zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, ka durƙusa yadda aka koya maka, ka ce Baba na yi kuskure da na yi maganar nan a taro ban fara kawo maka ba, ka yafe mini. Ka tsaya nan. In ya yi faɗa ka bar shi ya gama. Ban ce ka janye abin da ka gaskata game da sayar da addu'a ba, kuma in ya tambaye ka ka faɗa masa da ladabi cewa har yanzu abin yana damunka. In kana ganin bakinka ba zai iya ba, ka nemi kawu ko gwaggo da yake jin maganarsu su raka ka. Kan batun share littattafan, ka roƙe shi ya ba ka dama ka karanta masa shahadar Polikaf da Hausa, kai kana fassarawa. Tsoho ne da gwamna ya ce ya zagi Almasihu a sake shi, ya amsa cewa shekara 86 yana bauta masa bai taɓa yi masa laifi ba, yaya zai saɓi Sarkin da ya cece shi? Ina da wuya in yarda dattijon ikilisiya zai ji wannan ya ce littafin shaiɗan ne. In duk da haka ya dage, ka ajiye karatun na ɗan lokaci saboda shi. Littattafan sun jira ƙarnuka, za su jira ka.

Fasto ma ka same shi shi kaɗai, ka nemi gafarar yadda ka yi, sannan ka roƙi a duba maganar baƙin masu wa'azi a taron dattawa. Ka karɓi dakatarwar ba tare da gunaguni ba, ka ci gaba da zuwa sujada. In bayan wannan duka ka ga sayar da addu'a ta zama al'adar gidan, an kuma ƙi jin kowa, to barin wurin ba laifi ba ne, amma ka fita da sallama, zuwa wata ikilisiya, ba zuwa ɗakinka da waya ba. Ignatiyus, a kan hanyarsa ta zuwa mutuwa, abin da ya fi nanatawa shi ne kada mai bi ya ware kansa daga taro.

Ga wani gargaɗi da ya shafe mu mazauna zango musamman. A Didake sura 8 za ka ga an ce kada azuminku ya zo daidai da na munafukai masu azumin Litinin da Alhamis, ku yi naku Laraba da Juma'a. Kada ka kuskura ka ɗauki wannan ka jefi abokinka ko maƙwabtanka da ke azumin nafila a waɗannan ranaku. An rubuta shi fiye da shekara 400 kafin zuwan Musulunci, kuma rigima ce ta cikin gida tsakanin masu bi na farko da waɗansu Yahudawa. Abokinka bai turo maka littafin nan don ƙiyayya ba. Abin da ya ji ne ya gaskata, kuma yana son ka da abin da yake gani alheri. Ka ba shi amsa sau ɗaya, a natse, ka nuna masa maganar Almasihu da ta Nazarat, ka bar shi ya duba da kansa, sannan ku ci gaba da cin tuwonku tare. Wasiƙar Diyognitus ta ce Kiristoci ba su bambanta da sauran mutane ta ƙasa ko harshe ko sutura ko abinci ba, suna zaune a garuruwansu amma kamar baƙi, kowace baƙuwar ƙasa tasu ce, kowace ƙasarsu kuma baƙuwa ce. Bahaushe Kirista a Kumasi, wanda Asante ke ɗauka Musulmi saboda harshensa, 'yan'uwansa Hausawa kuma ke mamakin addininsa, zai fahimci wannan fiye da yawancin masu digiri.

Kuma ka daina ganin mutanen nan kamar Turawa. Babbar majami'ar Angilika ta Kumasi, St. Cyprian's, sunan Sifiriyan take ɗauke da shi, bishof na Kartaj da aka fille wa kai a 258, wanda a lokacin annoba ya umarci masu bi su yi jinyar har waɗanda ke tsananta musu. Makarantar St. Monica's ta Mampong sunan Monika take ɗauke da shi, mahaifiyar Agustin babban malamin ikilisiya, shi kuma an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Marigayi Kwame Bediako, wanda ya kafa cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong, ya yi zurfin bincikensa ne kan Jastin, Tatiyan, Tartuliyan da Kilemas na Iskandariya, don ya ga tambayarsu ita ce tamu: yaya mutum zai bi Almasihu bai zama baƙo ga mutanensa ba?

Nauyin addu'a da kake ji zai ragu in ka sauya yadda kake karatun. Wata da watanni kana karatu don ka ci gardama, da abokinka, da fasto, da zuciyarka. Ka bar bidiyoyin muhawara na YouTube tukuna. Ka ɗauki Bisharar Markus, sura ɗaya kowace safiya kafin ka hau trotro zuwa Magazine. Didake ya ce a yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana, kuma wannan shawara ce mai kyau ga wanda kalmominsa suka ƙare: da safe, da rana in ka wanke hannu za ka ci abinci, da dare. Tsofaffin kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne daga farko har ƙarshe, ka fara da Diyognitus, sai Polikaf, sai Kilemas, ka bar su Toma sai ƙafarka ta tsaya. Ka nemi wani fasto ko malami da ya yi makarantar tauhidi ku riƙa zama ko sau ɗaya a wata, don akwai wuraren da sai da mai ja-gora. In an mai da kai koyarwa, ka nemi izinin dattawa ka fassara wa yaranka labarin Farfetuwa da na Polikaf da Hausar da suke ji, don kada su kai shekara 27 kafin su fara jin sunayen nan daga bakin wani.